Ƙungiyoyin Masana da Kayan Aikin Mai Nazarin Zaman Jama'a: Misali Daga Ƙasar Daura

1.0 GABATARWA

Ƙasar Hausa tana daga cikin wuraren da masana ilmin zaman jama'a suka fi yi wa nazari a Afirka ta Yamma. Tun daga shekarun 1930 manazarta ke zuwa suna zama cikin birane da ƙauyukanta, suna tambaya a kan aure da gado da sarauta da noma da fatauci, suna rubutawa. Sai dai yawancin wannan ilmi da Ingilishi ko Faransanci aka rubuta shi, a ƙasashen waje aka buga shi, a can kuma aka fi karanta shi. Ɗalibin da ya fito daga Babban Mutum, cikin ƙaramar hukumar Baure ta masarautar Daura, yana iya gama kwalejin ilmi ko jami'a ya haddace ra'ayoyin Durkheim da Weber, ba tare da ya taɓa riƙe babban littafin da aka rubuta a kan masarautarsu ba.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana ƙungiyoyin masana wannan fanni da kayan aikin da ɗalibi ko malami ko ma'aikaci zai dogara da su. Abin da ake son nunawa shi ne, kayan aikin suna nan, amma a warwatse suke, kuma ƙungiya ce kaɗai take iya tattara su ta kai su hannun mai bukata. An ɗauki ƙasar Daura, musamman yankin Babban Mutum, don ta zama ma'auni.

2.0 ILMIN ZAMAN JAMA'A DA MA'ANAR ƘUNGIYAR MASANA

Ilmin zaman jama'a, wanda wasu ke kira soshiyoloji, shi ne nazarin yadda mutane ke zama tare: yadda suke tsara iyali da sana'a da mulki, abin da ke haɗa su, abin da ke raba su, da yadda duk waɗannan ke sauyawa. Bafaranshen nan Auguste Comte ne ya raɗa wa fannin sunansa na Turai a ƙarshen shekarun 1830. Amma tun a 1377 Ibn Haldun ya yi bayanin abin da ya kira ilmin umrani a cikin Muƙaddima, inda ya duba yadda ƙarfin zumunta ke kafa daula da yadda jin daɗin birni ke rushe ta.

Ita kuwa ƙungiyar masana ba baƙon abu ba ce ga Bahaushe. Kowace sana'a ta gargajiya tana da shugabanta: maƙera suna da Sarkin Maƙera, mahauta suna da Sarkin Pawa, wanzamai suna da Sarkin Aska. Ƙarƙashin wannan tsari ne ake koyar da yaro sana'a, a hana algus, a sasanta rikici, a kuma yi magana da hukuma da baki ɗaya. Aikin ƙungiyar masana ke nan, illa dai kayan aikinta sun bambanta. Tana shirya taro inda ake karanta bincike a yi masa gyara a bainar jama'a. Tana buga mujalla wadda ba a sa maƙala a cikinta sai wasu masana sun tace ta. Tana kuma shimfiɗa ladubban bincike, watau abin da ya halatta da abin da ya haramta ga mai tambayar mutane sirrin rayuwarsu.

3.0 ƘUNGIYOYIN DA AKE DA SU

3.1 Na Duniya

Amurkawa sun kafa tasu ƙungiyar a 1905, mutanen Ingila kuma a 1951. Babbar ƙungiya ta duniya, wadda ake taƙaita sunanta da ISA, an kafa ta a 1949 da taimakon hukumar UNESCO, kuma ofishinta yana Madrid. Tana da kwamitocin bincike fiye da 50, kowanne da fanninsa, kamar ilmi da iyali da addini da ƙaura da zaman karkara. Ta yi babban taronta a Durban ta Afirka ta Kudu a 2006, ta kuma yi wani taron a Rabat ta Maroko a 2025. Abin da ya kamata malaminmu ya sani shi ne, kuɗin shiga wannan ƙungiya an karkasa shi bisa arzikin ƙasashe, don haka abin da ɗan Nijeriya ko Nijar zai biya bai kai na Bature ba, ga kuma rangwame ga ɗalibai.

Akwai kuma Cibiyar Nazarin Afirka ta Duniya da aka kafa a Landan a 1926, wadda Lugga ya shugabanta shekaru da dama. A mujallarta mai suna Africa, wadda ta soma fitowa a 1928, aka buga maƙalu masu yawa a kan Hausawa.

3.2 Na Afirka

A nahiyarmu babu kamar majalisar nan ta CODESRIA, wadda aka kafa a Dakar a 1973, Samir Amin kuma ya zama sakatarenta na farko. Dalilin kafa ta shi ne masanan Afirka su riƙa zaɓar wa kansu abin da za su bincika, maimakon jiran abin da masu ba da kuɗi daga waje suke so. Tana buga mujallar Africa Development tun 1976, tana shirya bita ga matasan manazarta, ta kuma daɗe tana tallafa wa masu rubuta kundin digiri. Da yawa daga littattafai da mujallunta ana samun su kyauta ta intanet, da Ingilishi da Faransanci. Wannan yana da amfani ƙwarai ga mai aiki a bakin iyaka, inda rabin abin da yake nema da Faransanci yake.

3.3 Na Nijeriya

Ɗan Nijeriya na farko da ya yi digirin digirgir a wannan fanni shi ne N. A. Fadipe, a Jami'ar Landan a 1939, amma ba a buga aikinsa a kan Yarabawa ba sai 1970, shekaru da yawa bayan rasuwarsa. Wannan kaɗai ya isa nuna abin da rashin ƙungiya da mujalla ke jawowa. Jami'o'in Nsukka da Ibadan sun soma koyar da fannin a farkon shekarun 1960, Jami'ar Ahmadu Bello ta biyo baya, daga nan Bayero da Sakkwato da Maiduguri. A 1971 aka kafa ƙungiyar masana zaman jama'a da al'adun ɗan Adam ta Nijeriya, watau NASA, ta kuma soma fitar da mujallarta a 1974.

Ga malaman kwalejojin ilmi akwai ƙungiyoyi biyu da suka fi kusa da aikinsu na kullum. Ta farko ita ce ASEN, ta masu nazarin dangantakar makaranta da al'umma, wanda darasi ne da duk mai neman takardar NCE yake yi. Ta biyu ita ce SOSAN, ta malaman darasin zamantakewa da ake koyarwa a firamare da ƙaramar sakandare. Har wa yau, asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ware wa kwalejojin ilmi na gwamnati kuɗin halartar taro da na bincike. Sau da yawa abin da ke hana malami cin wannan gajiya shi ne ba shi da maƙalar da wata ƙungiya ta karɓa.

4.0 KAYAN AIKIN MAI BINCIKE

4.1 Ayyukan Magabata

Mai son nazarin ƙasar Daura tilas ya fara da M. G. Smith, mutumin Jamaika. Ya soma aiki a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya dawo Arewa a 1958 da 1959, zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, ya tattara tarihin sarauta daga bakin masu riƙe da ita. Sakamakon haka shi ne The Affairs of Daura, wanda aka buga a Kalifoniya a 1978. Muhimmancin littafin ga mutumin Babban Mutum shi ne bai tsaya ga birnin Daura ba. Ya bi yadda jihadi ya raba ƙasar uku a ƙarni na 19: Fulani suka riƙe birni, zuriyar sarakunan Haɓe kuma suka kafa gwamnatocinsu a Zango da Baure, har Turawa suka zo suka mai da sarautar ga gidan Haɓe ta hannun Malam Musa. Ya kwatanta muƙamai da hanyoyin haraji da dangantakar sarki da bayinsa a kowace daga cikin ukun. Duk mai son fahimtar matsayin hakimi da dagaci a yankin Baure yau, daga nan zai kama zare.

Smith ɗin ne kuma, a wata maƙala ta 1959, ya jawo hankali ga bambancin da Hausawa ke yi tsakanin karda da shigege, watau sana'ar gado da sana'ar da mutum ya shiga da kansa, ya nuna yadda wannan ke shafar daraja da aure. Matarsa, Mary Smith, ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo daga bakinta, aka buga shi da Ingilishi a 1954. Hausar da Baba ta yi magana da ita ba ta fito a littafi ba sai 1991, watau bayan shekara 37.

Aiki na biyu da ya shafi wannan yanki kai tsaye shi ne na William Miles. Ya zauna a garuruwa biyu maƙwabta, Yardaje a yankin Zango da Yekuwa a cikin Nijar, ya kwatanta yadda mulkin Ingila da na Faransa suka bar wa dangi ɗaya hali biyu wajen sarauta da makaranta da kasuwa da addini. Littafinsa Hausaland Divided ya fito a 1994. Kafin nan, a 1988, ya buga wani a kan yadda mutanen karkara suka ga zaɓen 1983.

A wajen masarautar kuma akwai ayyukan da hanyar bincikensu abin koyi ce. Polly Hill ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967, ta auna gonaki gida gida, ta nuna cewa manoman ƙauye ba ɗaya suke ba, akwai mai sayar da hatsi da bazara, akwai mai sayar da ƙarfinsa a gonar wani tun damina ba ta yi nisa ba. An buga aikin a 1972. Michael Watts ya yi nazarin yunwa a Kaita, aka buga a 1983. Guy Nicolas ya yi shekaru yana aiki a ƙasar Maraɗi. Abner Cohen ya bayyana tsarin mai gida da dillali a cinikin shanu da goro na Sabon Ibadan a 1969. Daga cikin gida kuma akwai Mahdi Adamu a kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma, 1978, da Yusufu Bala Usman a kan Katsina, 1981, wanda ya koya wa ɗalibai su riƙa tuhumar kalmomin da Turawa suka auna mu da su, irin su ƙabila. Da Hausa kuwa akwai Zaman Hausawa na Habibu Alhassan da abokan aikinsa, wanda ya daɗe yana hannun ɗalibai.

4.2 Gidajen Ajiye Takardu

Gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna shi ne rumbun rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta don sanya haraji. A cikinsu akan sami yawan mutanen gunduma da dabbobinsu da sana'o'insu da kasuwanninsu. Mai neman Daura ya lura cewa masarautar tana ƙarƙashin Lardin Kano ne kafin a kafa Lardin Katsina a 1934, saboda haka takardunta sun rabu tsakanin kundin lardunan biyu. Ya kuma tuna cewa mai karɓar haraji ne ya rubuta su, kuma ba kowane talaka ne ke gaya wa mai haraji gaskiyar awakinsa ba.

Ban da wannan akwai Gidan Arewa a Kaduna, wanda Abdullahi Smith ya assasa a 1970, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Zariya inda kundayen digiri suke jibge, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero. A Yamai akwai cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, da CELHTO mai tattara tarihin baka, da LASDEL da aka kafa a 2001, wadda ta shahara wajen binciken yadda asibiti da kotu da ofishin hukuma ke aiki a zahiri.

4.3 Alƙaluma da Intanet

Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Nijeriya ita ce ta 2006, kafin ita ta 1991. Ta 1973 kuwa soke ta aka yi. Ke nan duk adadin da ake bayarwa na mutanen wata ƙaramar hukuma a yau ƙiyasi ne, kuma wajibi ne ɗalibi ya faɗi haka a kundinsa. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka soma a 1990, aka maimaita sau da dama, yana ba da alƙaluman aure da haihuwa da karatu, amma a matakin jiha ko shiyya yake tsayawa. Ba zai gaya maka abin da ke faruwa a gunduma ɗaya ba. Ta intanet kuma akwai rumbun AJOL na mujallun Afirka, da JSTOR inda tsofaffin maƙalun da aka ambata a sama suke.

4.4 Jama'a da Harshensu

Mafi girman kayan aiki shi ne wanda ɗalibinmu ya tashi da shi. Hausa tana da kalmominta na bayanin zaman jama'a: gandu, gayya, adashi, biki, barantaka, taubasantaka, ci-rani, ƙwadago, asali. Kowace ɗaya tsari ce mai dokoki. Gandu, alal misali, yarjejeniya ce tsakanin uba da 'ya'yansa: su yi masa noma, shi kuma ya ciyar da su, ya yi musu aure, ya ba su gayauna, a zamanin haraji kuma ya biya musu. Baƙon manazarci sai ya yi watanni kafin ya gane wannan, ɗan gida kuwa a ciki aka haife shi. Abin da ya rage masa shi ne horon da zai sa ya dubi abin da ya saba da shi da idon tambaya. Akinsola Akiwowo na Jami'ar Ife ya gwada gina bayanin zaman jama'a daga kalmomin Yarabanci, aka buga maƙalarsa a mujallar ISA a 1986, ta jawo muhawara mai tsawo. Hausa ba ta gaza ɗaukar irin wannan aiki ba.

5.0 BABBAN MUTUM A MATSAYIN FAGEN BINCIKE

Babban Mutum gari ne na bakin iyaka, a kan hanyar da ta fito daga Ɓaɓura ta nufi Magarya da Damagaram. Iyakar nan jami'an Ingila da Faransa ne suka shata ta tsakanin 1906 da 1908, ta ratsa gonaki da dangi. A 'yan shekarun nan an rufe ta sau biyu: daga Agusta 2019, aka soma sassautawa a Disamba 2020, sa'an nan bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. An yi ta muhawara a kan tasirin haka ga farashin shinkafa a birane. Tambayoyin mai nazarin zaman jama'a daban suke. Yaya aka yi da auren da ke tsakanin garuruwan ɓangarorin biyu? Wane hali dillalin dabbobi ya shiga da fatakensa suka daina zuwa? Matasan da suka koma ɗaukar kaya a kan babur ta barauniyar hanya, yaya matsayinsu ya zama a gaban iyayensu da suke gandu tare?

Mai son amsa ɗaya daga cikin waɗannan zai fara da Smith don sanin tsarin sarautar yankin, ya karanta Miles don ganin yadda iyakar take a shekarun 1980, ya je Kaduna don rahotannin haraji, sa'an nan ya shiga gari ta ƙofar hakimi da dagaci da mai unguwa. A nan ne ladubban ƙungiya ke zama tilas. Mutumin da ya amince ya gaya maka yadda yake fasa-ƙwauri ya sa wuyansa a hannunka. Bayyana sunansa ko unguwarsa a kundi cin amana ne, kuma zai rufe ƙofa ga duk manazarcin da zai biyo baya. Haka kuma rabin labarin yana cikin gida, wurin matan da ke adashi da sana'ar hannu, inda namiji baƙo ba ya shiga. Mary Smith ta sami abin da mijinta bai samu ba don ita mace ce. Horar da ɗalibai mata a kan bincike, ke nan, sharaɗi ne na samun cikakken sakamako.

6.0 INDA GIZO KE SAƘA

Jihar Katsina, wadda aka kafa a 1987, tana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da Jami'ar Al-Qalam, ga kwalejojin ilmi a Katsina da Dutsin-ma, ga kwalejin Yusufu Bala Usman a Daura. Masu koyarwa da masu koyo ba su yi kaɗan ba. Matsalar ita ce kowa yana aiki shi kaɗai. Kundin da ɗalibi ya rubuta a kan tallan 'yan mata ko almajiranci a garinsu yakan ƙare a kan kanta, bayan shekara biyu wani ya sake rubuta irinsa ba tare da sanin na farko ba. Malamai da dama kuma ba sa tuna ƙungiya sai lokacin neman ƙarin girma ya matso, a biya kuɗi, a karɓi takardar shaida, a koma gida.

Matsala ta biyu ita ce harshe. Har yanzu masana ba su daidaita a kan sunan fannin kansa da Hausa ba, balle sauran kalmominsa. Malami yakan yi bayani da Hausa a aji don a gane, ɗalibi ya rubuta jarrabawa da Ingilishin da ya haddace, ilmin ya tsaya a tsakani. Masana harshe da adabi sun magance irin wannan da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990. Aikin haɗin gwiwa ne, ba na mutum ɗaya ba.

7.0 KAMMALAWA

An nuna a wannan maƙala cewa mai nazarin zaman jama'a a ƙasar Daura ba maraya ba ne: yana da ƙungiyoyi daga Madrid zuwa Dakar zuwa gida, yana da magabata da suka share masa hanya. Abin da ya rage shi ne a haɗa su. Bisa ga haka ana ba da shawara malaman wannan fanni a manyan makarantun jihar su shiga ƙungiyoyinsu da gaske, su kuma kafa zaman shekara-shekara na jiha inda ɗalibai za su karanta bincikensu. A tattara sunayen duk kundayen da aka rubuta a kan ƙananan hukumomi biyar na masarautar, watau Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, a ajiye kwafinsu wuri ɗaya a Daura. A nemi izinin fassara muhimman babobin Smith da Miles zuwa Hausa. A zauna da masana harshe a tsara kalmomin fannin, a kuma gayyato takwarorinmu na jami'o'in Damagaram da Maraɗi, tun da jama'ar da muke nazari ɗaya ce. Duk wanda ya gama bincike a wani gari kuma, ya koma ya karanta wa mutanen garin abin da ya samo, da harshen da suka ba shi labari da shi, su gaskata shi ko su gyara masa.